Zuwa kallon babban wasa a Garwa, har Yawunde in ta kama: abin da za ka yi ɗaya bayan ɗaya

Duk lokacin da aka ce za a buga babban wasa a filin ƙwallon Roumdé Adjia na Garwa, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta zuwa daga Marwa, daga Kusuri, daga Njamena da Bongor: wace takarda zan riƙe, wace hanya zan bi, ina zan kwana, nawa za ta ci mini, in kuma aka mai da wasan Yawunde fa? Ga amsar a jere. Ka bi ta yadda take, don galibin waɗanda suka yi asara sun fara ne da abin da ya kamata ya zo ƙarshe, kamar mai sayen tikiti bai duba ko katin shaidarsa na da rai ba.

Duk kuɗin da aka ambata a nan sefa ne, jaka ɗaya kuwa 1,000 ce.

1. Tabbatar da gari da rana kafin ka fitar da ko dala

Kada ka dogara da abin da ka ji a majalisar shayi. Jira sanarwar CAF, hukumar ƙwallon Afirka, ko ta FECAFOOT, hukumar ƙwallon Kamaru, in wasan ƙungiyar Kamaru ne, ka duba abu uku: gari, rana, da sa'a. Kamaru da Cadi da Najeriya duk agogo ɗaya suke bi, saboda haka ƙarfe 5 na yamma a sanarwa shi ne ƙarfe 5 a wayarka.

Hattara: ana canza fili, kuma ana yi a ƙurarren lokaci. A Satumban 2024, kan wasan Kamaru da Namibiya, FECAFOOT na cewa Garwa, ɓangaren ma'aikatar wasanni na cewa Yawunde, aka yi ta ja-in-ja har wasa ya ƙarato. A Garwa aka buga daga ƙarshe, Vincent Aboubakar, ɗan garin, ya ci ƙwallo ɗaya tilo. A gasar cin kofin Afirka da aka yi daga 9 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairun 2022 ma an ɗauke wasanni daga filin Olembé na Yawunde da kuma filin Japoma na Duwala aka kai su filin Ahmadou Ahidjo na Yawunde ana tsakiyar gasa. Don haka duk abin da za ka biya tun da wuri, ka tambaya ko ana mayar da kuɗi.

Da ka samu ranar, ka ja baya da kwana ɗaya: ranar isarka ke nan. Wanda ya shirya isa ranar wasa, fashewar taya ɗaya ta ishe shi ya ƙare da jin wasan a rediyon direba.

2. Takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan mataki ka fara shi aƙalla mako biyu kafin tashi.

In ɗan Kamaru ne kai, katin shaidar ɗan ƙasa ya wadatar. In resefise kake riƙe da shi, wato takardar jiran kati, duba ranar ƙarewarsa da hatimin ƙarin wa'adi. Daga Kusuri zuwa Garwa shingaye ba su ƙirguwa, na jandarma daban, na 'yan sanda daban, na duwan, wato kwastan, daban, kuma a kowanne ana iya sauke fasinjoji a duba. Motar ba za ta tsaya jiranka har abada ba.

In daga Cadi kake, ba ka bukatar biza. Cadi da Kamaru duk suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, wadda tun 2017 ta buɗe wa 'yan ƙasashenta shiga ba biza har kwana 90. Fasfo ya fi kwanciyar hankali a kan katin shaida, domin shi ake buga wa hatimi, hatimin kuma shi ne hujjarka a shingayen ciki.

Hattara: masu shiga kasuwar Kusuri su dawo da yamma sun saba tsallake gadar Ngueli, wadda ta haɗa Njamena da Kusuri, ba wani hatimi. Kai ba Kusuri za ka tsaya ba. Ka tsaya a ofishin 'yan sandan iyaka na Cadi a buga maka na fita, ka sake tsayawa a na Kamaru a buga maka na shiga. Wanda ya wuce ba hatimi, ba a bakin gada zai gane kuskurensa ba, sai ya yi nisan kilomita ɗari, inda komawa ta fi gaba wuya.

Sai katin rigakafin shawara, mai launin rawaya ɗin nan. Kamaru na neman sa ga mai shigowa daga waje. Allura ɗaya ce, ta isa har ƙarshen rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Shi ya sa aka ce mako biyu. Kada ka sayi kati a hannun wani ba allura, kanka ka cuta.

In za ka tafi da yaro, riƙe takardar haihuwarsa. In ɗan ƙaninka ne ko ɗan maƙwabci, ƙara da takardar izinin mahaifinsa mai hatimin hukuma.

Mai tafiya da motarsa daga Cadi zai haɗa da lasisin tuƙi, takardar mallakar mota, takardar binciken lafiyar mota, inshora mai ɗauke da katin CEMAC mai ruwan hoda, da takardar izinin shigar da mota da duwan ke bayarwa a iyaka. A cikin but a samu alwatikan gargaɗi, tukunyar kashe wuta da akwatin magani, domin su ake fara tambaya. Kuɗin kowace ƙofar haraji a manyan hanyoyin Kamaru 500 ne, ka riƙe rasiɗin har ka isa.

Kowace takarda ka yi mata kwafi biyu, ka kuma ɗauki hotonta a waya. Ta asali a aljihun gaba na ciki, kwafi a jaka.

3. Kuɗi da waya

Sefar Cadi ita ce ta Kamaru, ba canji. Amma sefar Nijar da sauran ƙasashen yamma daban take, ko da darajarsu ɗaya, mai shago a Garwa ba zai karɓa ba. Mai naira ya canza tun a iyaka, da rana, ya ƙirga a gaban mai canjin.

Raba kuɗinka uku: kaɗan a aljihun hannu don acaɓa da ruwa, na masauki da abinci a aljihun ciki, ragowar a waya. A Kamaru MTN MoMo da Orange Money ne ke aiki ko'ina. In layin Airtel ko Moov na Cadi gare ka, hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi layin Kamaru da fasfonka a Kusuri ko Yagwa, a shagon kamfanin, ka zuba kuɗin a ciki. Layin da aka yi wa rajista da sunan wani, ran da ya toshe kuɗinka ya tafi.

Ka tara canji tun daga gida: 'yan ɗari-ɗari da takardun 500. Ƙarancin canji ciwo ne a duk yankin nan. Miƙa wa ɗan acaɓa takardar jaka 10 daidai yake da ce masa ku zagaya gari neman mai fasa ta.

Sai ka kula da bakin da ake yin ciniki da shi. Mai Larabcin Cadi in ya ce riyal yana nufin sefa 5, kamar dalar Bahaushe, saboda haka riyal 100 sefa 500 ne. Mai Fulatanci in ya ce booro, jaka ɗaya yake nufi. In ka ji farashi ya yi arha fiye da kima, maimaita shi da Faransanci ko ka nuna takardar kuɗin kafin ka ce ka saya.

Ga abin da ya kamata mai tasowa daga Marwa ya ware don kwana biyu: mota zuwa da dawowa jaka 8 zuwa 10, ƙaramin masauki jaka 12 zuwa 20, abinci da ruwa jaka 8, acaɓa jaka 3, tikiti jaka 3 zuwa 10. Ɗora rabin jimillar a kai don abin da ba a tsammani. Mai tasowa daga Njamena ya ƙara kwana biyu na hanya da kuɗin motarsu.

4. Zaɓen hanya

Daga Marwa abin mai sauƙi ne: kilomita kusan 210 a kan babbar hanya ta ɗaya, ta Salak, Muturwa, mararrabar Magada, Figil da Pitowa. Ka lissafta awa 4 har da tsaye-tsaye. Manyan kamfanonin safa irin su Touristique Express da Danay Express suna da ajans ɗinsu, wato tasharsu ta kansu, ana yankar tikiti da katin shaida, a rubuta wa kaya lamba. Ka je da kanka kwana ɗaya kafin tafiya ka yanki na motar farko ta asuba. Motar asuba ta fi tashi a kan lokaci, tana kuma isa kafin kwalta ta yi zafi.

Daga Njamena hanya biyu ce, kuma a nan ne ake bukatar tunani.

Ta farko: gadar Ngueli, Kusuri, Dabanga, Waza, Mora, Marwa. Daga Kusuri zuwa Marwa kilomita wajen 260 ne, amma kada nisan ya ruɗe ka. Ɓangaren Kusuri zuwa Mora ya daɗe da lalacewa, da damina taɓo, da rani ƙura, ga kuma matsalar tsaro da yankin ya sha fama da ita tun ɓullar Boko Haram. Wuni guda ake ware masa, kwana a Marwa, washegari a ƙarasa Garwa.

Hattara: ba a bin wannan hanya da dare, ko direba ya rantse maka ya san ta kamar tafin hannunsa. Ana kuma rufe gadar Ngueli da yamma, saboda haka ka tsallaka da sassafe, ko ka kwana a Kusuri ka kama motar farko.

Ta biyu: Njamena zuwa Bongor ta cikin Cadi, kilomita wajen 235, ka tsallake kogin Logon zuwa Yagwa ta sabuwar gadar da ta haɗa garuruwan biyu, inda da sai da kwalekwale. Daga Yagwa ba sai ka shiga Marwa ba: hanyar Kaele za ta fito da kai mararrabar Magada, ka karya hagu zuwa Figil da Garwa. Ga mai iyali ko mai motar kansa, wannan ce muka fi ba da shawara. Ta fi zagaye a ido, ta fi sauƙi a jiki da zuciya.

Mutanen Pala da Lere kuwa tasu ta fi ta kowa kusa, suna faɗowa Figil kai tsaye, daga nan saura kilomita kusan 90.

Akwai jirgin sama na Camair-Co da ke sauka a Garwa daga Yawunde da Duwala. Mai hawansa ma dokar kwana ɗaya ta hau kansa, domin a makon babban wasa kujerun na ƙarewa da wuri.

A tasha, kaya a hannunka har sai ka ga an ɗora shi. 'Yan kamasho za su ce maka mota ta cika saura kai kaɗai. Leƙa ciki da idonka. In rabin mutanen da ke zaune ba su da ko leda a hannu, zaman jan fasinja suke yi, motar ba yanzu za ta tashi ba.

5. Masauki

Garwa gari ne babba amma ɗakunan baƙinta ba su kai na Yawunde ba. A 2022, da Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau suka yi rukuninsu a can, 'yan kallo daga Yola da Mubi da Kano suka cika garin, musamman ran da Kelechi Iheanacho ya ci Masar. Manyan otal irin su Ribadou da La Bénoué tawagogi da jami'ai ne ke fara kama su. Kai ka nemi matsakaici ko ƙarami, mako guda kafin wasa.

In kana da ɗan'uwa ko abokin kasuwa a garin, shi ne masaukin da ya fi kowanne. Ka sanar da shi da wuri, ka faɗa masa ku nawa ne, kada ka ce kai kaɗai ne ka iso da mutum biyar. Ka kuma riƙo tsaraba.

In otal ne, tura wanda ka sani ya ga ɗakin da idonsa kafin ka aika kuɗi. Abubuwan dubawa: ruwa na zuwa a famfo ko akwai randa, fanka ko kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki, akwai janareta in an ɗauke wuta, ƙofa na kulluwa ta ciki, akwai gidan sauro. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa na haura digiri 40, ɗakin da ba iska a lokacin nan tanda ne. Da damina kuwa sauron bakin Binuwai ba ya wasa, ka zo da gidan sauronka in kana shakka.

Unguwa ma abin lura ce. Roumdé Adjia sunan unguwar da filin yake ne, wanda ya samu ɗaki a can ko kusa da ita da ƙafa zai je ya dawo. Yelwa akwai abinci da rai har tsakar dare, amma akwai mashaya da kiɗa, ba ta dace da mai iyali ko mai son barci da wuri ba. Wajen Poumpoumré, kusa da babban masallaci, ya fi natsuwa.

Hattara: kada ka biya duka kuɗin ta waya ga lambar da ka gani a Facebook. Kafin alƙalami na dare ɗaya ya isa, sauran sai ka riƙe makulli.

6. Tikiti

Saya a wuraren da masu shirya wasan suka ambata a sanarwarsu, kwana ɗaya ko biyu kafin wasa. Wannan ma wani dalili ne na isa da wuri. A gasar 2022 farashi ya kama daga jaka 3 zuwa jaka 20, gwargwadon wasa da wurin zama. Wasannin Coton Sport, ƙungiyar garin Garwa, na gasar Afirka sun fi haka sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ga wanda bai taɓa shiga filin ba, su ne wurin koyo: ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008 ta kara da Al Ahly, kallonta ba asara ba ne.

Da tikiti ya shigo hannunka, karanta shi: ranar wasa, rukunin kujera, da lamba ko harafin ƙofa. In wasan yamma ne, ƙara kuɗi ka sayi sashe mai rufi. Wanda ke zaune yana fuskantar yamma zai sha rana a ido har a tafi hutun rabin lokaci.

Hattara: masu sayarwa a bakin fili ranar wasa, wasu tikitinsu na gaske ne an ninka masa kuɗi, wasu kwafi ne. Inda ake duba tikiti da na'ura, wanda ya fara shiga da lambar shi ya ci, sauran masu kwafin a waje za su tsaya. Saboda wannan dalilin kada ka ɗora hoton tikitinka a WhatsApp don nuna wa abokai. Kada kuma ka naɗe shi ta kan lambar ko ka bar gumi ya jiƙa shi, sa shi a 'yar leda.

7. Ranar wasa

Ci abinci mai nauyi da hantsi, ka sha ruwa sosai tun safe. In lokacin zafi ne, haɗa lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka sha kafin ka fita. Yawancin waɗanda ake ɗauka a sume daga cikin 'yan kallo ba ciwo ne ya kayar da su ba, rana ce da yunwa.

Abin da za ka bari a masauki: wuƙa ko da ta yankan farce ce, kwalba, gwangwani, sanda, babbar jaka, da fasfo in kana da wani katin da kwafin shafin hatimi. Abin da za ka ɗauka: tikiti, katin shaida, waya da cajinta cike, hula, canji. Sa takalmi mai kama ƙafa. Silifas a cikin cunkoso shi ke fara cin amanar mai shi.

Acaɓa, wanda ake kira kilando, shi ne motar garin. Yi ciniki kafin ka hau. Ranar wasa ana tare hanyoyin da ke kusa da fili, za a sauke ka nesa ka ƙarasa da ƙafa, don haka kada ka biya kuɗin har bakin ƙofa.

Ka isa awa 3 kafin a take wasa, in Kamaru ce ke bugawa. Wannan shi ne mafi muhimmanci a duk jagorar nan. Ranar 24 ga Janairun 2022, kafin wasan Kamaru da Komoros a Olembé, mutum 8 suka rasu a turmutsitsi a ƙofar kudu. Jama'a sun taru a ƙurarren lokaci, ƙofar da ya kamata ta kasance a buɗe tana rufe, na baya na turowa ba su san abin da ke faruwa a gaba ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Awa ta ƙarshe kafin wasa ita ce mai haɗari, kai a lokacin nan ka riga ka zauna.

Bi ƙofar da aka rubuta a tikitinka kawai. In ka hango taro ya cushe a wata ƙofa ba ya motsi, kada ka shiga cikinsa don ganin me ake ciki, ja gefe ka jira. In kuwa ka tsinci kanka a ciki: ɗaga hannuwanka biyu a gaban ƙirji kamar ɗan dambe don huhu ya samu wurin numfashi, kada ka yi gaba da turin, bi shi kana zamewa a karkace zuwa gefe, ka nisanci katanga da shingen ƙarfe. Abin da ya faɗi, waya ce ko takalmi, ka bar shi. Sunkuyawa ita ce faɗuwa. Yaro a ɗora shi a kafaɗa, a kuma rubuta lambar wayarka a takarda a sa masa a aljihu tun daga gida.

Maganar salla: wasan ƙarfe 5 yana cin la'asar da magariba, tunda da wuri za ka shiga. Yi azahar kafin ka shiga layi, ka shiga da alwalarka, domin ruwa a bayin fili ba abin dogaro ba ne in an cika. Matafiyi na da sauƙin ƙasaru da haɗa salla, ka tambayi malaminka yadda ya dace da tafiyarka tun kafin ka taso.

A ciki, in kana goyon bayan baƙi, zauna cikin 'yan uwanka. Mutanen Garwa masu karɓar baƙo ne, a 2022 sun mara wa Najeriya baya kamar tasu har ran da Tunisiya ta fitar da ita da ci ɗaya. Amma in da Kamaru ake karawa, tsokana ta tsaya a fatar baki da dariya.

8. Fita

Ko ka fita saura minti 10, ko ka zauna minti 20 bayan an tashi. Tsakanin nan ne kowa ke rububin ƙofa. Ku sa wurin haɗuwa tun kafin ku shiga, wuri mai suna da ke nesa da fili kaɗan, domin layin waya na cushewa in mutane dubbai suka kira a lokaci guda. Taka da ƙafa na minti 10 kafin ka tsayar da acaɓa, kuɗin zai ragu da rabi. Waya a aljihun gaba, ba a hannu ba.

Kada ka kama hanyar Marwa ko Ngaundare a daren. Direban da ya yini a rana yana ihu, ga manyan motocin kaya masu zuwa Cadi, ga shanu a kan titi. Kwana, ka tashi da asuba.

9. In wasan a Yawunde ne

Ƙara kwana biyu a lissafinka. Daga Garwa zuwa Ngaundare kilomita wajen 280 ne, ta Ngong da Mbe, sannan hawan dutsen nan mai lanƙwashe-lanƙwashe kafin a hau tudun Adamawa. Ware awa 6. Tashi da asuba don ka isa da azahar, jirgin ƙasa na Camrail kuwa da daddare yake tashi, wajen ƙarfe 7, ya kwana yana tafiya kilomita sama da 600 ta Ngaundal da Belabo da Nanga Eboko, ya shiga Yawunde da safe ko da hantsi.

Aji huɗu ne: kujerar aji na biyu, kujerar aji na ɗaya, ɗaki mai gado 4, da mai gado 2. Farashin da aka daɗe ana biya shi ne jaka 10, 17, 25 da 28. Bambancin jaka 8 da ke tsakanin kujerar aji na ɗaya da gado ya cancanci a biya, domin za ka sauka da ƙarfinka. Gadajen ne ke fara ƙarewa, ka sa wani a Ngaundare ya kama maka tun kwana biyu kafin nan, da sunan da ke kan katinka. Riƙe rigar sanyi, daren Adamawa ba irin na Garwa ba ne. A tashoshin hanya mata na miƙo ayaba da zuma da sandar rogo ta taga, canjinka zai yi amfani.

Hattara: jirgin kan makara. Kada ka hau wanda zai isa safiyar ranar wasa.

A Yawunde, nufi Briqueterie. Unguwar Hausawa ce, akwai masallatai, akwai tuwo, akwai tsiren da duk garin ke zuwa ci, za ka kuma samu mai yi maka jagora da harshenka. Fili biyu ne, kada ka haɗa su. Ahmadou Ahidjo yana cikin gari, a Mfandena, direbobi sun fi sanin sa da Omnisports. Olembé mai cin mutum 60,000 yana bayan gari ta arewa, kilomita wajen 13 a kan hanyar Obala, kuma ranar wasa hanyar na tsayawa cik. Shi sai ka bar masauki awa 5 kafin wasa.

Tasin Yawunde rawaya ce, ta haɗaka. Za ka tsaya a bakin titi, in ta rage gudu ka faɗi inda za ka da ƙarfi, in wurin da nisa ka haɗa da abin da za ka biya. In direba ya danna oda, ya yarda, shiga. In ya wuce, jira ta gaba. Kuɗin ƙa'ida 350 ne da rana, 400 da dare. Kalmar depo kuwa na nufin ka ɗauki motar kai kaɗai, kada ka furta ta sai ka shirya biyan jaka da yawa.

Tikitin jirgin komawa ka yanke shi ranar da ka sauka, tun kana cikin tasha. Bayan wasa duk 'yan arewa rana ɗaya suke son komawa.

10. In ka samu rarar kwana a Garwa

Da sassafe ka je bakin gadar Binuwai, a kan ga dorina a ruwa, amma daga nesa, ba dabbar wasa ba ce. Da rana a ci gasasshen kifin giwan ruwa, yawancinsa daga madatsar Lagdo ake kawo shi, ita ma tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce ta hanyar Ngong in kana son ganin ta. In Lahadi ce, kasuwar Pitowa na ci, kilomita 15 kacal, kuma a kan hanyarka take in arewa za ka koma. Mai son duwatsu ya ratse ta Gidar ya ga kwazazzabon Kola, da rani, lokacin da ruwa ya janye.

Kilishin tsaraba a saye shi ranar tafiya, a naɗe a takarda, ba a leda ba, don leda na sa shi gumi ya yi laushi kafin a kai Figil. Mutumin Cadi kuma ya tuna da hatimin fita na Kamaru a Kusuri ko Yagwa. In babu shi, a tafiya ta gaba fasfonka zai nuna kamar ba ka taɓa barin ƙasar ba, kuma a bakin gada za a tambaye ka.